Tsinken Gwajin Ƙanjamau: Me Layi Biyu Ke Faɗa, Me Kuma Ba Ya Iya Faɗa

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Bisa dokar, ba za a ɗaura aure ba sai ango da amarya sun kawo takardar asibiti mai nuna an duba jininsu game da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da kuma nau'in ƙwayoyin halittar jini da ke haddasa sikila. Kanawa ba su ji abin a matsayin baƙo ba, domin tun a 2012 da Hukumar Hisbah ta fara auren zawarawa, gwajin ƙanjamau na cikin sharuɗɗan shiga. Sabon abu shi ne yanzu ya shafi kowa. Ke nan makomar dubban aure, da mutuncin gidaje masu yawa, sun rataya a kan wani ɗan tsinke da tsawonsa bai wuce yatsa ba, wanda ake ɗiga wa jini a jira minti goma sha biyar.

Yawancin masu miƙa yatsa a soka musu allura sun ɗauka tsinken yana ganin ƙwayar cutar ne a cikin jini. Ba ya ganin ta. Idan ƙwayar HIV ta shiga jikin mutum, jikin yakan ƙera wasu sinadaran garkuwa da suka dace da ita kaɗai, ya saki cikin jini don su yaƙe ta. Waɗannan sinadarai su tsinken ke nema. A jikin takardar da ke cikinsa an shafa wasu gutsattsarin furotin masu kama da na ƙwayar cutar, waɗanda aka haɗa a masana'anta kuma ba sa sa wa kowa ciwo. Jini na tafiya a kan takardar, idan akwai sinadaran garkuwa a ciki sai su manne wa gutsattsarin, su tara launi a wurin, layi ya fito. Akwai kuma layi na biyu wanda dole ya bayyana ko da cuta ko babu, shi ke shaida cewa tsinken ya yi aiki. Layi ɗaya, ba a ga komai ba. Layi biyu, an ga alama. Idan layin shaida bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake. Aikin tsinken aikin mai bin sawu ne: bai ga ɓarawo ba, sawunsa ya gani a ƙasa. Duk amfanin gwajin da duk rauninsa daga nan suka taso.

Kafin a zo kan raunin, ya dace a ba tsinken haƙƙinsa. An fara ba da rahoton cutar a Amurka a watan Yunin 1981. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka ware ƙwayar da ke haddasa ta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2008. A watan Maris na 1985 aka amince da gwajin jini na farko, wanda ake kira ELISA, kuma an yi shi ne musamman don tace jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Gwajin na buƙatar na'ura, da wutar lantarki, da firji, da ƙwararren ma'aikaci, sakamako kuma sai bayan kwanaki, wani lokaci mako biyu. A Amurka kanta, alƙaluman shekarar 2000 sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu da cutar a cibiyoyin gwaji na gwamnati ba su koma karɓar sakamakonsu ba. To ina ga matar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban asibiti, aka ce ta dawo wani mako?

Tsinken ya rushe wannan shinge. Ba ya son lantarki, ba ya son na'ura, kuma ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye zai iya koyon aiki da shi cikin ɗan lokaci. Mace mai ciki ta zo awo, kafin ta tashi daga benci an san matsayinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a yi komai ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran da iyayensu mata ke ɗauke da cutar za su kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan uwa na shan magani, adadin yakan faɗo ƙasa da kashi 5. Magani kuwa ba ya farawa sai an sani. Yau akwai ma tsinke guda mai duba ƙanjamau da tunjere a ɗigon jini ɗaya, wanda hukumar ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu juna biyu.

Rauni na farko shi ne lokaci. Jiki ba ya ƙera sinadaran garkuwa a ranar da cuta ta shiga. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce gwajin da ke neman waɗannan sinadarai yakan iya gano cutar ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Gwajin ɗakin bincike da ke haɗawa da neman wani ɓangaren ƙwayar cutar, wanda ake ɗibar jininsa daga jijiya, yana rage tazarar zuwa kwana 18 zuwa 45. Wanda ke neman ƙwayar halittar cutar kai tsaye, irin na PCR, shi ke gano ta tsakanin kwana 10 zuwa 33. Babban abin damuwar shi ne a waɗannan makonnin farko, da tsinke ke nuna layi ɗaya, a nan ne ƙwayar cutar ta fi yawa a jini, mai ita kuma ya fi saurin sa wa wani. Wasu kan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa, a sha maganin maleriya a wuce wurin.

Saboda haka takardar da aka karɓa ana jibi ɗaurin aure ba ta bayar da labarin watan da ya gabata, labarin wata uku baya take bayarwa. Mai hankali zai yi gwaji tun lokacin sa rana, ya maimaita gab da biki. Haka nan wanda allurar mara lafiya ta soka, ko wadda aka yi wa fyaɗe, gudu zuwa gwaji washegari ba zai nuna abin da ya faru jiya ba. Abin da ke gabansu shi ne maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, sannan a sake gwaji daga baya. Wannan tazara ita ce kuma ke sa hankalin likitoci bai kwanta da jinin da aka tace da tsinke kaɗai ba. A asibitoci da yawa, idan mai haihuwa ta zubar da jini, ɗan'uwa ake nema ko mai sayar da jini a bakin ƙofa, a ɗiga jininsa a tsinke, a ɗaura leda. A halin gaggawa hakan ya fi babu nesa ba kusa ba, amma bai kai tacewar da ake yi da na'ura a cibiyar ajiyar jini ba.

Rauni na biyu ya fi wuyar shiga kai, kuma shi ya fi shafar Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da tsinke sai ya gano aƙalla 99 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla 98 cikin 100 na marasa ita. Wanda ya ji haka sai ya ce ai magana ta ƙare. Amma a ɗauki alƙalami. Babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya a Najeriya ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. Shiyyar Kudu maso Kudu ce kan gaba da kashi 3.1, Arewa maso Yamma kuma ita ce ta ƙarshe da kashi 0.6. A misali, a ce an tara mutum 10,000 daga Arewa maso Yamma an yi musu gwaji da tsinken da ke kuskure sau ɗaya cikin ɗari ta kowane ɓangare. Masu cutar a cikinsu 60 ne, tsinken zai kama kamar 59. Marasa ita 9,940 ne, kuma kashi ɗaya cikin ɗari nasu, wato kusan mutum 99, za su ga layi biyu alhali lafiyarsu ƙalau. Ke nan cikin mutum 158 da tsinken farko ya nuna wa alama, fiye da rabi ba su da komai. Tsinken bai lalace ba, ma'aikaci bai yi ganganci ba. Lissafi ne kawai: duk inda cuta ta yi ƙaranci, yawan waɗanda za a yi wa ƙarya ya kan rinjayi na gaskiya.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da tsinke ɗaya. Shekaru da dama tsarin da ma'aikatan lafiya a Najeriya suka saba da shi shi ne a fara da tsinken Determine. Idan ya nuna alama a tabbatar da Uni-Gold, idan biyun suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak. Hikimar ita ce kamfanoni daban-daban na amfani da gutsattsari daban-daban, don haka da wuya abin da ya ruɗi ɗaya ya ruɗi sauran. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara shawararta: kada a ce wa mutum yana da ƙanjamau sai tsinke uku mabambanta sun nuna alama a jere. Idan sakamako ya rikice, a ce ya dawo bayan kwana 14. Kuma kafin a ɗora shi a kan magani na tsawon rai, a sake gwajin daga farko, don kauce wa kuskuren musayar jini ko na rubutu.

Ba don tsoron banza aka yi wannan ba. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta taɓa sake duba mutanen da ke cikin shirye-shiryenta a Kwango da Burundi da Habasha, ta tarar da waɗanda aka shaida wa suna da cutar alhali ba su da ita, wasu har sun fara shan magani. A gundumar Rakai ta Yuganda ma wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna yawancin sakamakon ƙarya daga layi mai dishi-dishi suke fitowa, wanda ma'aikaci ya karanta a matsayin alama. A ƙasar da jin sunan wannan cuta kaɗai ya isa a fasa aure ko a kori mace daga ɗakinta, irin wannan kuskure ba ya gyaruwa da ban haƙuri.

Me ke ruɗin tsinken? Sinadaran garkuwar da jiki ya ƙera don wata cuta daban sukan yi kama da na ƙanjamau har su manne. An danganta hakan da ciwon barci da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, cututtukan da ba baƙi ba ne a wannan yanki. Misali mafi ban mamaki daga Ostareliya ya zo. A watan Disambar 2020 ƙasar ta yi watsi da rigakafin korona da Jami'ar Queensland ke haɗawa, ba don ya cutar da kowa ba. An yi amfani da wani ɗan gutsuren furotin na HIV wajen haɗa shi, sai jikin waɗanda aka yi wa allurar gwaji ya ƙera garkuwa a kansa, gwajin ƙanjamau ya riƙa nuna alama a jininsu. Babu ko ɗaya da ya kamu, amma gwamnati ta ga abin zai rikita tace jini da amincewar jama'a, ta soke cinikin.

Sai batun jarirai, inda kuskuren ya fi ciwo. Sinadaran garkuwar uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan da ke ciki, kuma suna iya zama a jikinsa har wata 18. Saboda haka kusan duk jaririn da uwarsa ke ɗauke da cutar zai nuna layi biyu, ko ya kamu ko bai kamu ba, alhali mafi yawansu ba su kamu ba. Tsinken labarin uwa yake bayarwa. Abin da ake yi shi ne a ɗigo jinin dunduniyar jariri a kan wata takarda ta musamman yana da mako huɗu zuwa shida, a busar, a aika ɗakin binciken da ke da na'urar PCR. Duk wanda ya ce wa uwa jaririnta na wata uku yana da ƙanjamau bisa tsinke, bai san aikinsa ba.

Akwai kuma ruɗin da ke zuwa ta ɗaya gefen. Wanda ya daɗe yana shan magani, musamman wanda ya fara da wuri, ƙwayar cutar takan kwanta a jikinsa har na'ura ta kasa ƙirga ta, wani lokaci sinadaran garkuwar ma su ragu, tsinke ya nuna layi ɗaya. Bai warke ba. Ranar da ya ajiye magani cutar za ta taso. A irin wannan ramin masu da'awar warkarwa ke kamun kasuwa. A watan Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, ya sa marasa lafiya suka bar magungunansu, kuma hukumar bin diddigin gaskiya da aka kafa bayan faɗuwarsa ta saurari shaidu kan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan shiri. Ƙananan irinsa suna nan a kasuwanni da gidajen rediyo, da lasifika da kwalabe. Shi ya sa ake gargaɗin mai shan magani kada ya riƙa gwada kansa da tsinke don ya ga ko ta tafi. Gwajin da ya dace da shi shi ne na ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini.

Takardar kafin aure ta Kano ta haɗa gwaje-gwaje da ke kama da juna a ido amma ma'anarsu ta bambanta, kuma nan ma ana tafka kuskure. Tsinken ciwon hanta nau'in B da aka fi amfani da shi wani ɓangare na ƙwayar cutar kanta yake nema, don haka alama na nufin tana jiki a lokacin. Na nau'in C kuwa sinadaran garkuwa yake nema, kuma a wannan cuta kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida, garkuwar kuma ta zauna har abada. Wanda ya sha magani ya warke ma haka zai ci gaba da nuna layi biyu. Masar ta nuna yadda ake amfani da wannan tsinke da basira. Daga watan Oktoban 2018 ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai, duk wanda ya nuna alama aka tura shi gwajin PCR, wanda aka tabbatar aka ba shi maganin wata uku kyauta. A watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Tsinke ne ya tace, na'ura ta tabbatar.

Inda aka nemi tsinken ya yi abin da ba aikinsa ba, an sha kunya. A farkon annobar korona a 2020 Birtaniya ta sayi miliyoyin tsinken garkuwa daga Sin, masana a Jami'ar Oxford suka gwada suka ce ba su kai a yi aiki da su ba. Indiya ma a watan Afrilun shekarar ta umarci jihohinta su dakatar da nasu. Ko da tsinken mai kyau ne, cutar da ke kwantar da mutum cikin mako guda ba a gano ta da garkuwar da sai bayan mako ɗaya ko biyu take fitowa. Mai karatu da aka taɓa ce masa yana da taifot bisa gwajin garkuwa na Widal kaɗai, ya sha allurai bai ji sauƙi ba, ya riga ya ɗanɗani wannan matsala.

Saura abin da ba laifin kimiyya ba ne. Yawancin waɗannan tsinkaye an rubuta a kwalinsu a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30 a ma'aunin zafi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu kan haura 40, kuma kantin kemis mai rufin kwano ya fi waje zafi. Akwai tsinken da wa'adinsa ya wuce, akwai ma'aikacin da ruwan ɗigawa na kamfanin ya ƙare masa ya ɗauko na wani, akwai mai karantawa kafin lokaci saboda layi ya yi tsawo, akwai wanda ya bar shi ya wuce lokacin da kamfani ya ƙayyade har wani layi na bogi ya fito. Akwai kuma ranar da tsinken tabbatarwa ya yanke a asibiti, a sallami mutum da sakamakon na farko. Kaso mai yawa na kayan gwajin Najeriya daga tallafin shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya yake zuwa. Dakatar da tallafin ƙetare da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2025 ya nuna haɗarin dogara da aljihun wani. Jihar da ta wajabta gwaji ta ɗauki nauyin tabbatar da cewa tsinke na biyu da na uku suna cikin kabad.

Gwajin kai a gida, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi baya tun 2016, ya taimaki masu jin nauyin shiga layin asibiti inda za su iya haɗuwa da maƙwabci. Nau'in OraQuick ana goga shi ne a dasashi a jira minti 20. Ba wai cutar na yaɗuwa ta yawu ba ne, sinadaran garkuwa ne ke cikin ruwan dasashi. Sai dai bai kai na jini kaifi ba. Lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012, ta ce zai iya kuskure mutum ɗaya cikin kowane 12 masu cutar. Layi biyu a gida sammaci ne zuwa asibiti, ba hukunci ba.

Dokar Kano tana da manufa mai kyau, kuma za ta ceci mata da 'ya'ya da dama idan aka bi ta da ilimi. Amma sakamakon gwaji sirrin mai shi ne. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da cutar, kuma mai shan magani yadda ya kamata har ƙwayar ta kwanta ba ya sa wa matarsa ko mijinta, yana kuma iya haifar 'ya'ya lafiyayyu. Iyaye da waliyyai da limamai su san cewa takardar da ta fito daga tsinke ɗaya ba hujjar fasa aure ba ce. Duk wanda aka ce masa an ga layi biyu a jininsa, ya tambayi ma'aikacin tsinke nawa aka yi masa, na waɗanne kamfanoni, kuma yaushe zai dawo a sake. Wanda aka ce masa layi ɗaya ne alhali ya san ya shiga haɗari a 'yan makonnin nan, ya koma bayan wata uku.